Yadda ake raba ɗan firamare da ƙwarƙwata ba tare da ta dawo ba

Iyaye da yawa kan ce sun yi magani amma ƙwarƙwata ta dawo. Galibi ba dawowa ta yi ba, dama can ba ta tafi ba. Magani ya kashe manyan, ƙwan da ke manne a gindin gashi ya tsira. Bayan kwana 8 ko 9 sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su balaga cikin kwana 9 zuwa 12 su soma nasu ƙwan. Mace ɗaya tana yin ƙwai kamar 6 a rana, tana kuma rayuwa kusan kwana 30. Don haka aikin na lissafin kwana ne: a kama 'ya'yan bayan sun fito, kafin su isa yin ƙwai.

Da farko a tabbatar akwai mai rai

Sosa kai kaɗai ba shaida ba ce. Amosani ma yana sa ƙaiƙayi, kuma yaron da ya fara kamuwa yakan yi mako 4 zuwa 6 bai sosa ba, domin ƙaiƙayin yana zuwa ne bayan fata ta soma ƙin yawun ƙwaron. Ganin ƙwai ma bai isa ba. Wanda ke da rai yakan kasance kusa da fata, bai cika wuce milimita 6 daga gindin gashi ba. Farin da ya yi nisa yawanci ɓawo ne, gashi ne ya tsiro ya tafi da shi. Bambancinsa da amosani kuwa a yatsa ake ji: amosani yana kaɗewa, ƙwai sai an ja shi da farce.

A zaunar da yaro inda akwai haske sosai, a fara duba bayan kunne da ƙeya. Babbar ƙwarƙwata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, milimita 2 zuwa 3, tana da ƙafa shida, kuma tana gudun haske, shi ya sa a busasshen gashi take ɓacewa. Idan an ga mai motsi ko da ɗaya ce, a duba kowa a gidan ranar. Duk wanda aka same shi da ita a yi masa magani rana ɗaya da yaron. Wanda ba a gani a kansa ba, ba a shafa masa magani don rigakafi.

Taza da jiƙaƙƙen gashi

Wannan hanyar ba ta buƙatar magani, kuma ko an zaɓi magani tana taimakawa. Ana bukatar mataji biyu, mai manyan haƙora da na ƙwarƙwata wanda tsakanin haƙoransa bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba, sai man laushin gashi (kwandishana, wanda ake shafawa bayan shamfu) da farin ƙyalle.

Idan akwai kitso a tsefe shi gaba ɗaya, domin ba mataji ba magani da ke shiga ƙarƙashinsa. A wanke kan da shamfu, a lafta man laushi har gashin ya yi santsi, kada a ɗauraye. Man yana hana ƙwarƙwata gudu, yana kuma rage zafin taza. A warware gashin da babban mataji, a tsaga shi kashi-kashi, faɗin kowane kashi kada ya fi faɗin matajin. Sannan a kafa ƙaramin matajin har haƙoransa su taɓa fatar kai, a ja a hankali zuwa ƙarshen gashin. Nan ne aka fi yin kuskure: mai taza ya ji yaro yana ƙorafi sai ya fara daga tsakiyar gashi, alhali ƙwaron yana can gindi. Bayan kowane ja a goge matajin a farin ƙyallen a duba. Kowane kashi a bi shi sau uku ko huɗu, a ɗaure shi gefe kada ya haɗu da wanda ba a taje ba. In an gama a ɗauraye, a sake bi sau ɗaya.

Gajeren gashi yakan ci minti 10, mai yawa ko mai murɗewa minti 30 ko fiye. Ana yi a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, a sake dubawa a rana ta 17. Tazarar kwana huɗun nan ita ce dabarar, kowane ƙyanƙyasa ana kwashe shi tun yana ƙarami. Idan aka ci karo da babba bayan zaman farko, ko dai an bar ta ne a baya ko yaron ya sake kwasowa, sai a soma ƙirga daga farko.

Idan magani za a yi

Permethrin 1% shi ne aka fi sani, ana amfani da shi daga wata 2 da haihuwa. A wanke kai da shamfun da ba a haɗa da man laushi ba, domin man yana lulluɓe gashi ya hana maganin kamawa. A tsane da tawul, a shafa daga gindi har ya jiƙa ko'ina, a bari minti 10 cif, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi yaro yana sunkuye, kada ya bi jikinsa ko ya shiga ido. Kada a sake wanke kan sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A maimaita a rana ta 9, domin bai cika kashe ƙwai ba.

Bayan awa 8 zuwa 12 a duba. Idan ana ganin matattu da masu jan jiki da ƙyar, magani yana aiki, a taje su kawai. Idan suna gudu yadda suke, to mai yiwuwa sun saba da shi, abin da ya yaɗu a ƙasashe da dama. Ƙara zuba irinsa ɓarna ce, a canza wani nau'in.

Dimeticone 4% ba guba ba ne, lulluɓe ƙwaron yake yi har ya mutu, shi ya sa ba a cika samun sabo da shi ba. A busasshen gashi ake shafa shi, a bari awa 8 ko ya kwana, a maimaita bayan kwana 7. Malathion 0.5% shi ma yana ɗaukar awa 8 zuwa 12, amma a nemi shawarar likita kafin a shafa wa ƙaramin yaro. Waɗannan biyun wuta na iya kama gashin da aka shafa musu, don haka yaro ya nisanci murhu, kyandir da na'urar busar da gashi. Kuma kada a ɗaura masa leda a ka ya kwana da ita, tana iya zamewa ta toshe masa numfashi.

Rowar magani ma tana ɓata aiki. Gajeren gashi yana shan kusan mililita 50 a shafawa ɗaya, mai yawa ninkinsa ko fiye. Kwalba ɗaya da aka raba wa yara uku ba ta warkar da ko ɗaya.

Kananzir, fetur, fiya-fiya da maganin feshin gona ko na dabbobi ba su da gurbi a kan yaro. Suna ƙona fata, suna ratsawa cikin jini, suna iya kisa. Aski kwal yana aiki, amma ba dole ba ne, kuma yarinya ta fi jin ciwonsa fiye da ƙaiƙayin.

Kayan gida da makaranta

Kada a wahalar da kai a nan. Ƙwarƙwatar da ta bar kai tana mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu saboda rashin jini. A wanke rigar filo, zanin gado, tawul, hula da ɗankwalin da yaron ya yi amfani da su cikin kwana biyun ƙarshe da ruwan da zafinsa ya kai digiri 55. Mataji a jiƙa shi a ruwan zafin minti 5 zuwa 10. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako biyu. Feshin ɗaki ba shi da amfani, kyanwa da kare kuma ba sa ɗaukar ta mutum.

Ƙwarƙwata ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe take daga kai zuwa kai lokacin da yara suka haɗa kawuna kan littafi ɗaya ko wurin wasa. Ba ruwanta da tsabta ko ƙazanta, kuma ba ta yaɗa wata cuta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na 2022, ta ce bai kamata a hana yaro zuwa aji saboda ita ba. Abin da ya fi amfani shi ne a sanar da malamin aji a asirce, ya gaya wa iyaye duka su duba 'ya'yansu a mako guda ba tare da kiran sunan kowa ba. In ba haka ba, wanda ya warke zai sake kwasowa daga abokin zamansa.

A kai yaro asibiti idan susar ta zama ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko an ga ƙwaron a gashin ido, ko an kammala zagaye biyu na magani daidai amma har yanzu ana tsintar mai rai.