Mai ƙaramar garka a gida, fara da alayyafo

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar abin da za su shuka a ɗan filin bayan ɗaki nan Tawa, ni dai alayyafo nake fara ba mutum shawara. Cikin kwana 25 zuwa 30 kun fara yanka, kuma in kuka bar gindin kamar tsawon yatsa, sai ya sake tofowa. Irin nasa ƙanana ne ƙwarai, ku gauraya shi da yashi kafin ku watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe.

Kuɓewa tana son zafi, wajen wata 2 ta fara ɗiya. Ku riƙa tsinka duk bayan kwana 2, in ta tsufa a jikin uwar, haihuwa ta ragu. Salati kuwa sai da ɗari, daga Nuwamba, zafi na sa shi ɗaci.

Albasar Galmi abin alfaharinmu ce, amma tana cin wata 4 ko fiye, ba ta mai gaggawa ba ce.

Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe ruwa. Ku zuba ruɓaɓɓen takin awaki, ɗanye yana ƙona tsiro, ban ruwa kuma safe da marece.