Kurakuran da Muke Yi Wajen Kallon Atisayen Formula 1

Ranar Juma'a 17 ga Mayu, 2024, dab da magariba, ƙanina ya faɗo ɗakina da waya a hannu, bakinsa har kunne. "Yaya, ka ga Ferrari kuwa? Ta dawo fa! Leclerc ne na ɗaya a atisaye biyun nan duka, shi kuwa Verstappen yana can na bakwai." A filin Imola na ƙasar Italiya ake tseren wannan makon, wato a ƙofar gidan Ferrari. Na ce masa ya adana murnarsa zuwa Lahadi. Ranar Asabar Max Verstappen na ƙungiyar Red Bull ya karɓe gurbin farko, wato shi zai tashi a gaban kowa, ranar Lahadi ya ci tseren, Lando Norris na manne da shi da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Charles Leclerc na Ferrari ya ƙare na uku.

Yaron bai faɗi ƙarya ba, abin da ya gani a allo haka yake. Karatun da ya yi masa ne ya kauce, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kama masu bin wasan nan, sababbi da tsofaffi: ɗaukar jerin sunayen ranar Juma'a, wanda ke jera direbobi bisa zagayensu mafi sauri, a matsayin sakamako. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan ma ana iya hango Lahadi tun daga Juma'a, sai dai jerin sunayen nan ba shi zai nuna maka ita ba.

A makon tsere na yau da kullum atisaye uku ake yi, biyu ranar Juma'a, ɗaya ranar Asabar kafin neman gurbi (gasar da ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi), kowanne awa ɗaya. Kafin 2021 na Juma'a minti 90 ne kowanne. Ba a ba da maki ko ɗaya a cikinsu, ba a kuma tilasta wa kowa ya yi abin da ɗan'uwansa yake yi. Kowace ƙungiya tana fitowa ne da tambayoyinta, mota kuma ita ce mai ba da amsa.

Fara da mai. Tun 2010 aka hana ƙara wa mota mai a tsakiyar tsere, don haka takan tashi da duk abin da zai kai ta ƙarshe, wanda har zuwa kakar 2025 yakan kai kilo 110. Lissafin da injiniyoyi suka saba yi shi ne kowane kilo 10 yana ci wa mota kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye. Ke nan idan direba ɗaya ya fito da kilo 20, ɗayan da kilo 50, an riga an sami tazarar kusan daƙiƙa ɗaya tun kafin wani ya taka totur. A wasan da wani lokaci daƙiƙa ɗaya kan raba na farko da na goma sha biyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma babu ƙungiyar da za ta gaya maka nawa ta zuba. Haka injin ma: doka ta ƙayyade adadin da kowane direba zai yi amfani da shi a shekara, shi ya sa ranar Juma'a da yawa sukan ɗaura tsoho su kuma rage masa ƙarfi, a lallaɓa shi.

Sai taya, wadda ita dai ido yana ganinta, amma mutane ba sa dubawa. Tun 2011 kamfanin Pirelli kaɗai ke samar da ita, kuma launin da ke gefenta yana faɗin komai: ja mai laushi, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri, koriya ta yayyafi, shuɗiya ta ruwa mai ƙarfi. Mai laushi ta fi damƙar kwalta, ta fi sauri, ta fi saurin cinyewa. Wanda ya gwama lokacin mai jar taya sabuwa da na mai farar taya da ta yi zagaye goma sha biyar, bai gwama komai ba. Kafin ka karanta lokacin direba, fara duba harafin tayar da ke kusa da sunansa.

To ina ake duba gaskiyar? Ni dai inda nake zuba ido shi ne minti ashirin zuwa ashirin da biyar na ƙarshen atisaye na biyu. A lokacin ne jerin sunaye ke daina motsi, masu sharhi su koma hira, mutane da yawa su tashi su tafi harkokinsu. Alhali a nan ne aikin yake. Motoci sun koma gareji an cika su da mai, sun fito suna doguwar tafiya, zagaye goma ko fiye a jere, kamar yadda za su yi ranar Lahadi. Ka ɗauki takarda da biro, ka zaɓi direbobi uku ko huɗu da ke kan taya iri ɗaya, ka riƙa rubuta lokacin kowane zagaye. Ka soke zagayen da wani ya tare musu hanya. Sannan ka duba abu biyu: matsakaicin lokacin, da yadda yake hawa. A ce wani ya fara da minti 1 da daƙiƙa 20.5, bayan zagaye goma yana kan 20.9, wani kuma ya fara da 20.2 ya ƙare a 21.8. Na biyun ya fi ƙayatarwa a farko, amma motarsa cin taya take yi, ranar Lahadi ko dai ya ƙara tsayawa canji ko ya zama abin farauta. Ko wannan lissafin ba ya rasa giɓi, tunda nauyin man a ɓoye yake, amma a doguwar tafiya ƙungiyoyi sun fi kusantar juna a abin da suke ɗauke da shi, shi ya sa ya fi zagaye guda ɗaya amana nesa ba kusa ba.

Wani kuskuren shi ne mantawa da cewa hanyar kanta tana canjawa. Da safiyar Juma'a kwalta na da ƙura da santsi, musamman a filayen da titunan gari ne kamar Monako da Baku da Singafo. Kowace mota ta wuce sai ta bar ɗan roba a ƙasa, hanya ta ƙara riƙo, lokaci ya yi ta sauka. Wanda ya yi zagayensa mai sauri a minti na 20 da wanda ya yi a minti na 45 kusan ba hanya ɗaya suka bi ba. Zafi ma haka. A Bahrain da Abu Dhabi atisaye na farko da na uku da rana tsaka ake yin su, kwalta na tafasa, neman gurbi da tseren kuwa sai rana ta yi sanyi ko ta faɗi. A irin waɗannan wurare atisaye na biyu ne kaɗai ya yi kama da abin da ke tafe. Idan lokacinka kaɗan ne, shi za ka kalla.

Akwai kuma masu tada hankalinsu idan sun ga baƙon suna a motar gwaninsu, har su fara tambaya ko an kore shi ne. Doka ce. Tun 2022 aka wajabta wa kowace ƙungiya ta ba sabon direba, wanda bai yi tsere fiye da biyu ba, damar tuƙi a atisayen farko, a 2025 kuma aka ninka adadin zuwa sau biyu ga kowace mota. Yaron da aka ba motar an ja masa kunne ya dawo da ita lafiya, don haka matsayinsa a jeri ba ya nuna ƙarfin motar. Haka idan ka ga an shafa wa fiffike koren fenti mai ƙyalli, ko an ɗaura wani abu kamar ragar ƙarfe a bayan tayar gaba, motar ba tsere take yi da kowa ba. Fentin ruwa-ruwa ne, iska ke jan sa, injiniyoyi su ɗauki hoton sawun da ya bari su ga ko iskar ta bi inda suka tsara mata.

Duk wannan bai sa in yarda da masu cewa atisaye ɓata lokaci ne ba, kuma nasu kuskuren ya fi ba ni haushi. A Monako a 2018 motar Red Bull ta fi kowa gudu duk makon. A atisaye na uku Verstappen ya gogi shinge ya faɗa bango, makanikai suka kasa gama gyara kafin neman gurbi, ya tashi daga ƙarshen layi a filin da wuce mota yake kamar haƙa rijiya da allura. Abokin tuƙinsa Daniel Ricciardo ya ɗauki gurbin farko ya ci tseren. A Las Vegas a 2023, ba a kai minti goma da fara atisayen farko ba murfin wani ramin ruwa ya ɓalle daga kwalta ya fasa ƙasan motar Carlos Sainz. Aka soke atisayen, shi kuma da aka canja masa kayan da suka lalace sai aka mayar da shi baya da gurbi goma, kan laifin da ba nasa ba. Ka lura kuma, idan an ɗaga jar tuta, wato an dakatar da atisaye, galibi agogo ba ya tsayawa. Ƙungiyar da ta rasa minti ashirin ta rasa su ke nan, kuma da zarar an fara neman gurbi doka ta kulle yawancin saitin mota. Abin da ba a gano ranar Juma'a ba, da shi za a shiga Lahadi, sai dai abin da direban na'urar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta ya kwana yana nema a can masana'anta. Irin wannan aikin dare na cikin abin da ya juya wa Red Bull makonta a Imola.

Sauran kurakuran na jadawali ne. Tun 2023 makonni shida a shekara na da gajeren tsere na kilomita 100, kuma a irinsu atisaye ɗaya tak ake yi, don haka wanda ya zauna jiran na biyu zai tarar an riga an shiga neman gurbin gajeren tseren. Turai na canja agogo a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, mu a Najeriya da Nijar ba ma canjawa, saboda haka ka tabbata lokacin da ka gani an mayar da shi namu. A yawancin tseren Turai atisayen farko yana farawa ne da 12:30 na rana a agogonmu, daidai lokacin shirin masallaci, na biyu kuma da ƙarfe 4 na yamma. Ni na daɗe da sallama na farkon. Idan na idar da la'asar sai in zauna wa na biyu da takardata.

Ƙanina ma yanzu haka yake yi. Yakan ja layi uku a bayan tsohon littafin makarantarsa, Ferrari a layin farko kullum, ya rubuta launin taya a sama, ba ya kuma cewa uffan sai an kaɗa tutar ƙarshe ya haɗa lissafinsa.