Yadda Ake Gwada Babbar Manhajar Kwamfuta Tun Ba Ta Fito Ba

Kafin Windows ko macOS ko Ubuntu su saki sabon zubi ga kowa da kowa, sukan fitar da na gwaji, wanda ake kira beta, domin masu zumuɗi su ɗanɗana su faɗi inda ya gaza. Kyauta ne, ɗora shi kuma ba wuya. Fita daga cikinsa ce mai wuya, saboda haka rabin aikin a kan shirya hanyar dawowa zai ƙare.

Zaɓi wanda za ka iya ɗauka

Zubin gwaji hawa-hawa ne. Microsoft ya buɗe shirin Windows Insider a 2014, kuma a 2023 ya kasa shi gida huɗu: Canary, Dev, Beta da Release Preview. Canary ɗanye ne shar, na ƙarshen kuwa saura ƙiris ya nuna. Ubuntu, wani nau'in Linux, na fitowa duk Afrilu da Oktoba, betarsa kan riga shi da 'yan makonni. Fedora, shi ma nau'in Linux, na da beta, yana kuma da Rawhide da ke canzawa kusan kullum. Apple kan nuna sabon macOS a watan Yuni, betar jama'a ta biyo baya, galibi a Yuli.

In yau ka fara, ɗauki wanda ya fi kusa da fitowa. Kuma ka san abin da ka je nema: firintarka za ta yi aiki? Manhajar da kake cin abinci da ita za ta buɗe? Wanda ya shiga don kallon sabon fenti kawai, bayan minti 20 ya gama.

Kwashe kayanka tukuna

Kwafe fayilolinka zuwa wani faifan waje, ka buɗe biyu ko uku daga can ka tabbatar sun kwafu lafiya, sannan ka zare faifan ka ajiye shi gefe. In Windows ɗinka na kulle da BitLocker, makullin da ke ɓoye bayanan faifai, nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 ka rubuta a takarda, domin taɓa saitin kunna kwamfuta kan sa ya tambaye ka shi. Ka kuma tanadi filashi ɗaya ɗauke da tsohon zubin da kake amfani da shi. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi ba ranar sauke fayil ba ce.

Sauke fayil, ka tantance shi

Daga shafin masu manhajar kaɗai za ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ake ɗora babbar manhajar da shi. Yana da nauyi, na Ubuntu 24.04 ya kai wajen gigabait 6. Kusa da shi za ka ga wata doguwar lamba, SHA256, wadda take kamar zanen yatsan fayil ɗin. A Linux rubuta `sha256sum` da sunan fayil, a PowerShell na Windows kuma `Get-FileHash`. Lambar da ta fito ta zo daidai da ta shafin, harafi da harafi. Mutane da yawa kan tsallake wannan, daga baya su kwana suna zagin beta alhali fayil ɗin ne ya gutsure a hanya.

Fara da kwamfutar cikin kwamfuta

Nan ne ya fi kwanciyar hankali. Manhajoji irin su VirtualBox, GNOME Boxes da Hyper-V suna ƙirƙirar kwamfuta ta kwaikwayo a cikin taga guda, da nata faifan wanda a zahiri fayil ne kawai. Duk ɓarnar da beta za ta yi, a cikin wannan fayil za ta tsaya.

Ka shiga saitin kunna kwamfuta, BIOS ko UEFI, ka kunna zaɓin da ke barin kwamfutar kwaikwayo ta yi aiki: VT-x in Intel gare ka, ko AMD-V, wanda wasu kwamfutocin ke rubutawa SVM. Sai ka ƙirƙiri sabuwar na'ura, ka yanka mata RAM gigabait 4 ko fiye, amma kar ka wuce rabin abin da kwamfutar ke da shi, in ba haka ba uwar da 'yar duk za su riƙa jan ƙafa. Windows 11 na neman faifai mai gigabait 64 da TPM 2.0, wani ɗan guntun na'urar tsaro, VirtualBox ya fara kwaikwayon TPM daga zubi na 7. Nuna mata fayil ɗin ISO, ka kunna, ka ɗora kamar yadda aka saba.

Da zarar ta tashi lafiya, kafin ka taɓa komai, danna Snapshot. Wannan yana adana halin da na'urar ke ciki a wannan lokacin, ta yadda in sabuntawar gobe ta rikita ta, cikin daƙiƙoƙi ka mayar da ita jiya. Ni nakan ɗauki ɗaya kafin kowace babbar sabuntawa, in sa masa kwanan wata a suna.

Sai dai wannan hanya tana da makanta. Katin hoto, Wi-Fi, Bluetooth da batirin da beta ke gani duk na bogi ne. Ba za ta gaya maka ko kwamfutarka za ta farka bayan ka rufe murfinta ba.

Sannan a kan ƙarfen gaske

Ga masu Linux abin da sauƙi. Zuba ISO a filashi mai gigabait 8 ko fiye da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ko Ventoy wanda ke barin ka tara ISO da yawa a filashi ɗaya. Ka duba sunan filashin sau biyu, domin za a share duk abin da ke kansa. Sake kunna kwamfuta, ka danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi (F12, F9 ko Esc, ya danganta da ƙirar), ka zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba. Gwada sauti, kyamara, hasken allo, allo na biyu, barci da farkawa. Ka zare filashi, komai ya koma yadda yake.

In kana son zama da ita na makonni, ba ta faifai nata daban, ko tsohuwar kwamfutar da ba ka dogara da ita ba. A Mac, manhajar Disk Utility na barin ka ƙara sabon sashen faifai na APFS ka ɗora beta a can. Raba faifai ɗaya tsakanin beta da manhajar aikinka yana yiwuwa, amma nan ne aka fi yin garin gyaran gira a rasa ido: kuskuren zaɓen sashe ɗaya ya isa.

Ɗora beta kai-tsaye a kan manhajar da kake aiki da ita kullum shi ne abin da ban ba kowa shawara ba. Windows kan ba da kwana 10 na komawa baya, bayan nan ya share tsofaffin fayilolin. Wanda ya shiga Canary kuwa, yawanci ba ya fita sai ya share komai ya ɗora sabo. Zubin Insider ma yana da ranar ƙarewa, in ka daina sabunta shi zai fara damun ka da gargaɗi.

Abin da ba a sakawa a ciki

Kar ka shiga asusun banki ko imel ɗin aiki daga beta. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli. Ta riga ta shiga Fedora Rawhide da sassan gwaji na Debian, wani nau'in Linux, amma ba ta kai ga tabbatattun zubinsu ba. Ubuntu ya ɗage betar 24.04 da mako guda don sake gina kayansa. Masu gwaji su ne a bakin ƙofa, komai ya zo su yake fara samu.

In ka ga matsala, kai ƙara

Don wannan aka ba ka ita. A Windows danna maɓallin Windows tare da F, Feedback Hub, wurin kai rahoto, zai buɗe. A Mac akwai Feedback Assistant. A Ubuntu rubuta `ubuntu-bug` da sunan manhajar da ta samu matsala, shi zai tattara bayanan ya kai Launchpad, shafin da Ubuntu ke karɓar rahoton matsaloli.

Fara bincika ko wani ya riga ka. In haka ne, ƙara muryarka a kan nasa. A Oktoba 2018 Microsoft ya dakatar da wata sabuntawar Windows 10 saboda tana share fayilolin wasu mutane, alhali masu gwaji sun riga sun kai rahoton, sai dai ya nutse cikin tarin ƙorafe-ƙorafe. Shi ya sa "ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Rubuta lambar zubin, ƙirar kwamfutarka, abin da ka danna bi da bi, abin da ka sa ran gani da abin da ya faru. Haɗa da hoton allo, ka rufe sunanka da sauran bayananka a jiki. Bayan sabuntawa ta gaba ka sake bin matakan nan, ka koma ka rubuta ko an gyara ko har yanzu tana nan.