Kurakuran da ke sa targaɗen idon sawu ya daɗe bai warke ba

Ƙafa ta gurɗe a filin ƙwallo ko wajen sauka daga babur, kafin a isa gida idon sawu ya yi suntum. Abin da ya faru a ciki shi ne jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi sun miƙe fiye da kima ko sun ɗan yage, ƙananan hanyoyin jini kuma sun fashe.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a ɗora ruwan zafi nan take, a hau gasa wurin da tsumma, a bi da man zafi ana murzawa. Zafi yana buɗe hanyoyin jini sai kumburi ya ƙaru, murza kuma tana fama raunin da ke ƙoƙarin haɗewa. A kwana biyu zuwa uku na farko sanyi ake so. Ruwan leda da ya daskare ya wadatar: a naɗe shi a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, tana ƙona ta. Idan babu wuta, tsumma da ruwan randa ya fi babu. A kwanta a ɗora ƙafar kan filo har ta ɗara tsayin ƙirji. Gashi sai bayan kumburin ya saɓe.

Wani kuskuren shi ne garzayawa wurin mai ɗori a ja ƙafar tun ba a san abin da ya lalace ba. Idan mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya ji zafi a kan ƙashin idon sawun kansa idan an danna, hoto ya kamata a fara yi a asibiti, domin tsagewar ƙashi tana kama da targaɗe. Ɗauri kuma kada a yi masa tamau. A fara naɗa bandeji daga gindin yatsu zuwa sama, ya kasance yatsa ɗaya na iya shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi lokacin barci. Da zarar yatsu sun yi sanyi, sun sage ko sun sauya launi, a warware shi a take. Matsattsen ɗauri yana tare jini, kuma an sha yanke ƙafa saboda shi.

Wajen magani ma ana cutuwa. Ibuprofen da diclofenac dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo gyambon ciki da wahalar ƙoda, musamman idan an sha ciki ba komai. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nemi shawarar likita tukun. Paracetamol kuwa, babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu nauyin 500mg a awa 24. Haɗin da ake ƙullowa a leda a kemis ba suna, a guje shi, don ba a san me aka cusa ba.

Wasu kuma sai su kwanta sati guda cur, gaɓar ta sandare. Bayan kwana biyu ko uku a fara motsa ƙafar sama da ƙasa, ana taka ta gwargwadon yadda za a iya jurewa. Idan zafi ya ragu, a riƙa tsayawa a kanta ita kaɗai na daƙiƙa 30, hannu a jikin bango, sau da yawa a rana. Wannan ke dawo wa gaɓar da saitinta, rashinsa kuma ke sa ƙafa ɗaya ta yi ta gurɗewa. Ƙwallo sai ranar da aka iya tsalle a kan ƙafar ba ciwo.

Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi jau tare da zazzaɓi ba tare da an gurɗe ba, ko ciwon gaɓa ga mai sikila, wannan ba targaɗe ba ne, a tafi asibiti a ranar.