Kurakuran da masu koyon rubuta wa 6502 manhaja suka fi yi

Furosesar 6502, wadda kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975 a kan dala 25, ita ce ke cikin Apple II da BBC Micro, 'yan'uwanta kuma su ke sarrafa Atari 2600 da Commodore 64 da NES. Umarninta 56 ne kacal, shi ya sa masu koyo ke raina ta, suna ta maimaita kurakuran da na gaji da gyarawa.

Mafi muni shi ne rubuta ADC, umarnin tarawa, ba a gabatar da CLC, mai share tutar C, ba. Wannan furosesa ba ta da umarnin tarawa zalla irin ADD na furosesar Z80. Duk sanda ta tara lambobi sai ta haɗa da ɗayan da aka ɗauko daga lissafin baya, wanda ke ajiye a tutar C. Abin takaicin shi ne CMP, umarnin kwatanta lambobi, shi ma yana ɗaga tutar, don haka makin ɗan wasa zai yi ta tafiya daidai, sai can a wani mataki ya ƙaru da ɗaya babu gaira babu dalili. Wannan ɗayan ya taɓa ɓata mini wani wasa da na daɗe ina haɗawa, kuma har yau raina yana ɓaci idan na ji ɗalibi yana cewa ai ya gwada ya yi aiki. Gwaji ɗaya ba hujja ba ce! Ni dai ba na fara tarawa sai da CLC, ba na fara ɗebewa sai da SEC mai ɗaga tutar, ko da na tabbata yadda tutar take.

Na biyu laifin furosesar ne, amma wanda bai sani ba shi ke kwana ciki. Idan aka rubuta JMP ($30FF), wato a tsallaka zuwa adireshin da ke ajiye a $30FF, tsohuwar 6502 tana ɗauko rabin adireshin daga $30FF, ɗaya rabin kuma daga $3000 maimakon $3100, sai manhajar ta faɗa inda ba a aike ta ba. An gyara wannan a 65C02, sabon samfurinta, amma ni a farkon shafi, kamar $3000, nake ajiye irin waɗannan adireshi.

Kada a manta da alamar #, domin a umarnin ɗauko lamba, LDA #$10 lambar ce kanta, LDA $10 kuwa abin da ke cikin wannan adireshi. Umarnin tsallake na BNE ba ya wuce bayit 127 gaba ko 128 baya. Mai rubuta wa NES kuma ya daina wahalar da kansa da SED, mai kunna lissafin goma-goma, domin furosesar NES, Ricoh 2A03, ba ta wannan lissafin.