Kurakuran da aka fi yi da sabar tura fayil, da yadda ake gyara su

Duk mai aikin fiton kaya tsakanin Duwala, Ngaundere da Njamena ya san tarin takardun da ke bin kowace tirela: rasit, takardun kwastan, inshora, kwafin katin shaidar direba. Idan suka fi ƙarfin imel da WhatsApp, sai a kira mai gyaran kwamfuta ya kafa saba, wato kwamfutar da ake ajiye fayiloli a kanta, a ofis, abokan hulɗa su riƙa ɗorawa suna saukewa. Haka ƙungiyoyin agaji a Marwa da Kuseri ke tura jerin sunayen masu karɓar tallafi zuwa Yawunde. Dole wannan saba ta fuskanci intanet, don aikinta ke nan, kuma takardun da suka fi kowanne daraja a ofis ta kanta suke bi. Shi ya sa masu kutse suka sa mata ido.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne wanda ba a ma ɗauke shi kuskure ba, wato barin fayil a kan saba bayan ya isa hannun mai shi. Sabar tura fayil zango ce, kaya su kwana su wuce, amma mun mai da ita rumbu. Ka buɗe ta ofishi da yawa, za ka tarar da takardun albashin shekara uku da suka wuce suna nan zaune, babu mai buƙatarsu, babu kuma mai ƙarfin halin goge su.

Abin da ya faru da manhajar MOVEit Transfer ta kamfanin Progress ya isa darasi. A ƙarshen watan Mayun 2023 gungun ɓarayin da ake kira Cl0p suka shiga ta wata ɓaraka da masu manhajar ba su san da ita ba. Kafin kamfanin ya sanar a ranar 31 ga Mayu ya fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, an riga an kwashe. Kamfanoni da hukumomi sama da 2,000 abin ya shafa, har da ma'aikatan BBC da na British Airways, waɗanda bayanansu suka fita ta hannun kamfanin da ke lissafa musu albashi. Babu facin da zai ceci kowa a ranar farko, tunda babu shi. Abin da ya bambanta girman asara shi ne yawan abin da ɓarayin suka tarar. Kuma ka lura, ba kulle fayiloli suka yi ba. Kwafa suka yi, suka ce a biya ko su baza a duniya, don haka kwafin ajiyar da kake alfahari da shi ba zai hana tonon asiri ba. Gyaran ba ya cin ko sefa ɗaya. Ka sa doka cewa duk fayil ɗin da ya yi mako ɗaya ko biyu ya goge da kansa. Manyan manhajojin suna da wannan saiti, a Linux kuma ɗan umarni a cikin cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka sa masa, ya wadatar. Abin da ake son adanawa a mayar da shi wata kwamfuta ta cikin gida wadda ba a iya kai wa gare ta daga waje. Abokan hulɗa za su yi ƙorafi a watan farko, sannan su saba.

Sai maganar da ake yawan ji: wa ya san da mu a Garwa? Ba sai an san ka ba. Na'urori ne ke zaga adireshin intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, kuma shafi irin Shodan yana jera duk sabar da ta amsa, da sunan manhajarta, sau da yawa har da lambar sigarta. Idan sabuwar ɓaraka ta fito, ɓarawo jerin kawai zai ɗauko ya bi ɗaya bayan ɗaya, bai damu da ko kana Landan ko kana Gidar ba. Mafi muni shi ne a bar shafin gudanarwa, inda ake ƙirƙirar asusu da sauya saiti, a buɗe ga kowa don mai kula da sabar ya riƙa shiga daga gida. Ta nan aka ci masu amfani da manhajar tura fayil ta GoAnywhere a farkon 2023, inda Cl0p ɗin dai suka yi iƙirarin shiga wurare 130. Ka rufe shafin gudanarwa daga waje gaba ɗaya. Ƙofar tura fayil kuwa, a taƙaita ta ga adireshin abokan hulɗar da aka sani. Na san a nan akwai wahala, domin mai amfani da layin MTN ko Orange adireshinsa canzawa yake yi. Ga irin waɗannan a kafa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai makulli ta cikin intanet, WireGuard kyauta ne kuma ba ya da nauyi, sai wanda ke riƙe da makulli ya ga sabar ma tukuna.

Har yanzu ana samun FTP, tsohon tsarin tura fayil, tsirara a ƙofa mai lamba 21. Tsarin ya samo asali tun 1971, kuma sunanka da kalmar sirrinka a fili suke tafiya, duk wanda ke kan wayifai ɗaya da kai a otal ko kafe yana iya karanta su. Chrome da Firefox sun daina karɓarsa tun 2021. Ka koma SFTP, wanda ke ɓoye bayanai ta hanyar SSH kuma ke zuwa tare da OpenSSH, ko FTPS idan dole. Sai dai kada ka ɗauka an gama: ɓarakar manhajar Serv-U ta watan Yulin 2021 a ɓangaren SSH ɗinsa take.

Jinkirin faci yana da dalilai da kowa ya sani. Data na da tsada, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, wanda ya kafa sabar ya koma Duwala ba ya ɗaga waya, oga kuma yana cewa abin da ke aiki kada a taɓa shi. Wannan tunanin ne ya bar manhajar Accellion FTA, mai kusan shekara 20, tana aiki a manyan wurare har aka fasa ta a Disambar 2020, aka kwashi bayanan babban bankin New Zealand da na kamfanin Shell. A Afrilun 2021 masu ita suka yi mata ritaya. Ka rubuta sunan manhajarka da sigarta a inda za a gani, ka sa mutum guda, da sunansa, ya riƙa duba sanarwar masu ita, kuma idan sun daina kula da ita ka sauya ta. Faci ɗaya ma ba lallai ya isa ba, domin kamfanin Cleo ya fitar da gyara a Oktoban 2024, amma a Disamba aka ci gaba da shiga sabobin da suka riga suka sa shi, sai da aka sake wani. Akwai kuma abin da ake mantawa: faci yana toshe ɓaraka ne, ba ya korar wanda ya riga ya shiga. A harin MOVEit ɓarayin sun bar wani fayil mai suna human2.aspx da suke komowa ta kansa. Bayan kowane faci na gaggawa, ka duba baƙin fayiloli da asusun da ba ka san wanda ya buɗe su ba.

Manhajar da aka samo a filashi, wadda wani ya fasa don kada a biya lasisi, ba ta da wurin zama a kan saba. Ko ta asali ma an taɓa sa mata guba: a 2011 aka musanya vsftpd 2.3.4 a shafin da ake sauke ta, ta yadda duk wanda ya sa alamar murmushi :) a cikin sunansa sai ƙofa ta 6200 ta buɗe masa. Ka ɗauko daga ma'ajiyar Linux ta Debian ko Ubuntu, inda ake tantance sa hannu.

Batun asusu abin kunya ne amma gama-gari. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, ofis duka da abokan hulɗa biyar, an manna ta a jikin allon kwamfuta. Ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki bara ya tafi da ita a ka. Kowa a ba shi nasa, a killace shi a jakarsa kada ya leƙa ta wani, a rufe asusun ranar da ya bar aiki, a kashe shigar baƙo marar suna. Masu amfani da manhajar FileZilla su sa babbar kalmar sirri, in ba haka ba duk wanda ya zauna a kwamfutar zai iya zaro waɗanda aka adana. Duk wani ɓangare na manhajar da ba ka amfani da shi ka kashe shi. Ɓarakar manhajar ProFTPD ta 2015 a sashen mod_copy take, ta WS_FTP a 2023 kuma a sashen Ad Hoc Transfer, kuma wanda bai kunna su ba bai shiga wannan rigimar ba.

Rajistar shige da fice ita ce kaɗai za ta gaya maka abin da aka ɗauka. A riƙa tura kwafinta wata na'ura daban, domin ɓarawo goge sawunsa yake yi, a kuma tabbatar agogon sabar daidai yake, tunda yawan ɗaukewar wuta da mutuwar ɗan batirin ciki kan mayar da kwanan wata baya. Sau ɗaya a mako wani ya duba: wa ya sauke fayil ɗari da ƙarfe uku na dare?

Idan ka ga alamar an shiga, kada ka yi saurin wanke kwamfutar ka sake ɗora komai, domin shaidar za ka shafe. Cire wayar intanet, ka bar na'urar a kunne idan zai yiwu, ka kwafi rajistar, ka sauya duk kalmomin sirri daga wata kwamfuta mai tsafta. A Kamaru hukumar ANTIC ce ke karɓar irin wannan rahoto, ƙarƙashin dokar tsaron intanet ta 21 ga Disambar 2010. A Chadi kuma ANSICE. Sannan ka kira waɗanda takardunsu ke ciki ka faɗa musu da bakinka, tun ma ba direbobi da masu karɓar tallafi ba, domin da kwafin katin shaidarsu ana iya yin rajistar layin waya ko buɗe asusun kuɗi na waya da sunansu.