Kurakuran da Ake Yi Idan Mai Beli Ya Ƙi Zuwa Kotu

Babban kuskuren da na fi gani a nan Zariya shi ne zaton cewa idan mutum ya ɓace, shari'a ta mutu. Wani matashi a unguwarmu ta Tudun Wada ya sami beli, ya je zama biyu, sai abokai suka zuga shi ya tafi Legas "har ƙura ta lafa". Ba ta lafa ba. Alƙali ya soke belin, ya ba da takardar kamu, aka aika wa kawunsa da ya tsaya masa sammaci. Na ga dattijon nan a bakin kotu, hula a hannu, yana roƙon magatakarda a ƙara masa mako biyu ya nemo yaron.

Doka ba ta jiran mai gudu. Sashe na 352 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ba kotu damar ci gaba da shari'a a bayan idon wanda ya tsallake beli babu uzuri, bayan an ɗage zama sau biyu. Za a iya samunsa da laifi ba ya nan, sai dai dokar ta ce a yanke masa hukuncin in an kamo shi ko ya miƙa kansa. Wato shaidu za su yi ta magana a kansa, shi kuwa ba ya wurin balle ya kare kansa. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2017.

Kuskure na biyu na masu tsayawa ne, waɗanda ke sa hannu don kunya ko zumunci ba su tambayi nawa ne kuɗin ba. A Nuwamban 2020 kotu ta tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje saboda Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya gudu. In ka ga take-taken wanda ka tsaya wa, je kotu da kanka ka nemi a sauke maka nauyin tun bai ɓace ba.

Sai masu uzuri na gaskiya da suke yin shiru. In rashin lafiya ce, a karɓo takardar likita, daga asibitin koyarwa na Shika ko duk asibitin da aka kwanta, a ba lauya ya gabatar ranar zaman. Saƙon baki ta hannun maƙwabci ba ya shiga fayil. Wanda kuwa ranar ta riga ta wuce shi, ya nemi lauyansa gobe da safe su shiga kotun da ƙafarsu, kafin 'yan sanda su kawo shi.